Jan Ƙyallen Mati

Jama'a, akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, har yau ban samu amsarta ba. Me ya sa mutum yake hassadar abin da babu wanda ya hana shi? In dukiya ce, na gane, wani yana da ita, wani ba shi da ita. In sarauta ce, kujerar ɗaya ce. Amma halin kirki fa? Ba a saye, ba ya raguwa don wani ya ɗiba. Duk da haka sai ka ga mutum ya gwammace ya ɓata na ɗan'uwansa da ya yi nasa. Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffi, na zauna ni kaɗai na tambayi kaina. To, ku saurara, ga labari, ko wani a cikinku zai gane abin da ni na kasa ganewa.

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da maganin feshi ya fara shigowa ƙauyuka, wani bawan Allah ana ce masa Mati. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, in yana zaune a majalisa sai ka manta yana nan. Amma ba ta kansa zan fara ba. Zan fara ta kan Sallau, ɗan wan ubansa, domin a zuciyar Sallau abin ya faru.

Garin nan garin masu noman wake ne. Kowace damina tsutsa da ƙwari sukan cinye fure, manomi yana kallo. Sallau shi ne ya fara shigo da fanfon feshi garin. Ranar da ya goya shi a baya ya ratsa kasuwa, har mata sai da suka leƙo ta katanga. Shekarar nan wake ya yi 'ya'ya yadda ba a taɓa gani ba, sunan Sallau ya cika gari. Mutum ne mai zafin nama, mai raha. Da ido yake auna magani, da hannu yake damawa, goro a bakinsa, waƙa a bakinsa. In galan ya ƙare sai ya miƙa wa mata su zuba man gyaɗa ko ruwa, su yi ta sa masa albarka.

Mati kuwa damina biyu ya yi yana ɗebo wa Sallau ruwan feshi, ga shi magidanci da iyali. Daga baya ya sayar da ragonsa ya sayi tsohon fanfo. Ku lura, a lokacin Sallau bai ji komai ba. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “To, Mati, ka zama mutum. Gonar da ta yi min nisa zan turo maka.”

Mati bai iya karatun boko ba. Sai ya ɗauki gwangwanin magani ya taka har garin da malamin gona yake, ya ce, “Malam, karanta min duk abin da aka rubuta a jikin nan, har ƙananan.” Aka karanta masa. Ya ce a sake. Aka sake. Ya dawo gida wani mutum daban.

Tun daga ranar, in zai fita feshi sai ya sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da safar hannu, ya ɗaure hanci da baki. Da murfi yake auna magani, da kara yake damawa. Da sassafe yake yi, iska tana bayansa. Ba ya cin goro sai ya wanke hannu da sabulu, nesa da rijiya. Galan kuwa in ya ƙare sai ya ɗauraye, ya huda shi da ƙusa, ya binne. Mata suka ce, “Mati marowaci ne, galan ma ba zai bayar ba.” Ya ce, “Ku yi haƙuri, guba ba ta fita da wanki.”

Sallau in ya hango shi sai ya ɗaga murya, “Kai, ku kauce, ga dodon gona! Mati, feshi za ka ko amarya aka kai ka, ka rufe fuska haka?”

Mati ya ce ta cikin tsumma, “Zafi dai nake sha, Yaya.”

Sai kuma maganar jan ƙyalle. Kun san al'adarmu, ganyen miya a gona ba shi da mai shi. Tsohuwa za ta ratsa gonar kowa ta tsinki ganyen wake, ta tsinki yakuwa, mai akuya ya yanki ciyawar gefe, babu mai cewa don me. Mati ya yi tunanin wannan. Ya karɓi wani tsohon jan zane na matarsa ya yayyaga. Duk gonar da ya fesa sai ya kafa sanda a bakin hanya ya ɗaura ƙyalle. Ya bi gida gida yana cewa, “In kun ga jan ƙyalle, kada a tsinki ganye, kada a yanki ciyawa, sai kwanakin da aka rubuta sun cika na cire da hannuna. In babu ƙyalle, ku tsinka.”

Rabin zanen ya naɗe ya kai wa Sallau har gida. “Yaya, ga naka.”

Sallau ya dubi zanen, ya dubi Mati. “Ni? Ni zan ɗaura tsumma a gona kamar mai tsafi? Shekara biyar ina feshi a garin nan, wa ya mutu?”

“Babu wanda ya mutu, Yaya. Amma awakin nan biyu na Sarkin Noma, bara.”

“Ciwon awaki ne. Ɗauki zanen matarka ka mayar mata, kada a ce ka bar ta tsirara.”

Mati ya ɗauka ya tafi.

To, ku saurara, nan ne wurin. Wata Juma'a bayan an sauko, dattawa suna zaune gindin ɗurumi, sai Liman ya ce, “Mati bawan Allah ne. Ko a cikin gwangwani yana ganin haƙƙin mutane.” Aka yi dariya, aka wuce wata magana. Kowa ya manta, ban da Sallau. Shekara biyar yana ceton waken garin nan, an ce masa gwani, an ce masa namijin duniya, amma ba a taɓa ce masa bawan Allah ba. Sati bai zagayo ba Sarkin Noma ya ba Mati feshin gonarsa.

Kada ku zaci aikin Sallau ya ragu. Har a lokacin gonakinsa sun ninka na Mati sau uku. Ba yunwa ba ce ta kama shi. Kalma biyu ce kawai, bawan Allah. In yana tafiya ya hango jan ƙyalle yana kaɗawa, sai ya ji kamar da shi ake, kamar ƙyallen yana cewa, ga wanda ya damu da mutane, ga wanda bai damu ba. Rannan ya shiga gida ya miƙa hannu zai ɗauki 'yarsa, sai matarsa Tabawa ta ce, “Malam, cire rigar feshin tukuna. Matar Mati ta ce...”

“Matar Mati ta ce! Har cikin gidana? Gobe ma sai ki tambaye ta yadda zan sha fura.”

Rigar nan kuwa bai taɓa bari an wanke ta ba. Yakan ce rigar aiki ce, me za a wanke. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wata rana da hantsi ya biyo ta gonar Sarkin Noma. Da safen nan Mati ya fesa ta, ganye ko gama bushewa bai yi ba. Ga sanda, ga ƙyalle. Sallau ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa. Ya kwance ƙyallen ya cusa a aljihun rigar feshi, ya jefar da sandar cikin ciyawa. Bai yi niyyar kashe kowa ba, wannan dole in faɗa. Abin da ya raya a ransa shi ne, bayan kwana bakwai zai zaro ƙyallen a gindin ɗurumi ya ce, “Ga tsafinku, sati guda yana aljihuna, wa ya mutu?” A yi dariya, Liman ma ya yi dariya, shi ke nan.

Suna da wata gwoggo, Delu, ƙanwar iyayensu maza. Mijinta ya rasu, da kaɗin zare take ci da kanta. Ita ta goyi Sallau, ita ta goyi Mati. Wajen azahar ta zo wucewa ta gonar da ƙwaryarta. Ta tsaya ta duba bakin hanya da kyau, babu ƙyalle. Ta shiga ta tsinki ganyen wake mai laushi, ta koma gida ta yi kwaɗo ta ci. Kafin magariba maƙwabta suka same ta kwance a tsakar gida, amai, miyau yana zuba, jiki yana karkarwa. A amalanke aka kai ta asibiti. Kwana tara ta yi. Allah Ya yi da sauran kwana, ta dawo, amma hannunta na dama bai daina rawa ba, zare ba ya kaɗuwa.

Dagaci ya tara mutane. Ya ce, “Mati, kai ka fesa gonar?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Ka kafa ƙyallen?”

“Na kafa.”

“To, ina yake?”

“Ban sani ba, ranka ya daɗe.”

“Wa kake zargi?”

Mati ya ce, “Ban ga kowa ba, ba zan ɗora wa mutum abin da ban gani ba. Amma ni na je har ɗakinta na ce mata in babu ƙyalle ta tsinka. Maganata ta bi, ranka ya daɗe. Da na koma na duba da rana, da ba a yi haka ba.”

Dagaci ya juya ga Sallau. “Kai ka koya masa aikin. Me ka gani?”

Ƙyallen yana aljihunsa a lokacin, jama'a, yana jin sa a ƙirji kamar garwashi. Ya buɗe baki ya ce, “Ɗan'adam ne, ranka ya daɗe. Yana iya mantawa.”

Aka karɓe fanfon Mati, aka ce shekara guda ba zai yi feshi ba.

Gonaki duka suka dawo hannun Sallau, har da ta Sarkin Noma. Kuna tsammanin ya huta? Bai huta ba. Mati ya koma ƙwadago, yana noma a gonakin mutane, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Kullum da safe sai ya ɗebo wa Gwoggo Delu ruwa, ya faskara mata itace. Ita kuma duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, “Mati ba ya ƙarya. In ya ce ya kafa, ya kafa.” In maganar ta iso kunnen Sallau sai tuwo ya ƙi wucewa. An ƙwace wa Mati fanfo, amma abin da Sallau yake so a ƙwace yana nan, ya ma ƙaru. Yanzu har haƙurin Mati zafi yake masa.

Mati ya tare shi wata rana a hanya. “Yaya, aiki ya yi maka yawa, har tsakar rana nake ganinka. Kuma na ga kana busa bakin fanfo in ya toshe. Don Allah ka bari, tsinken ciyawa yana buɗe shi.”

“Wanda aka ƙwace wa fanfo ne zai koya min feshi? Je ka riƙe fartanyarka.”

Bai fi kwana goma ba. Rana tana tsaka, gona ta huɗu ke nan a yinin, iska tana juyawa tana mayar masa da feshi a fuska, fanfo yana yoyo a gadon bayansa. Bakin fanfo ya toshe. Ya cire ya sa a baki ya busa, magani ya dawo masa a harshe. Ya tofar, ya ce ba komai, ya ci gaba. Ya ƙara fesa kunya biyu. Sai jiri, sai gumi, sai miyau ya cika masa baki, duniya ta yi duhu-duhu. Ya faɗi tsakanin kunyoyi.

Yana jin muryoyi kamar daga cikin rijiya. Mai gonar yana cewa, “A kawo nono!” Wani yana cewa, “A'a, manja za a ɗura masa!” Sai ya ji muryar da bai taɓa jin ta ɗagu ba, muryar Mati, wanda yake noma a gonar gefe: “Kada a ɗura masa komai, zai shaƙe! Ruwa da sabulu! Ku kawo amalanke!”

Mati ya naɗe hannunsa da leda, ya ja shi inuwa, ya kama rigar feshin nan ya yage ta. Aljihu ya ɓarke. Jan ƙyalle ya faɗo ƙasa.

Idon Sallau yana buɗe. Ya ga ƙyallen, ya ga Mati ya gan shi. Suka haɗa ido. Mati ya ɗora ƙafarsa a kan ƙyallen kafin kowa ya lura, ya ce, “Zuba ruwa nan. Ƙara.” Ya wanke shi tun daga kai har ƙafa, ya wanke masa baki, ya kwantar da shi a gefe guda. Ya ce a ɗauko gwangwanin maganin a tafi da shi, likita ya ga abin da ya shiga jikinsa. Amalanke ta fara tafiya, sai Sallau ya hango Mati ya karyo sanda, ya durƙusa a bakin hanya yana ɗaure ƙyallen.

Mai gonar ya ce, “Kai Mati, har yanzu ba ka rabu da tsumman nan ba?”

Mati ya ce, “An fesa gonar.” Ya biyo amalanke da gudu.

Likita ya ce gwangwanin nan da wankan nan su suka taimaka. Kwana na biyar Sallau ya iya zama. Mati ya shigo da kunu, ya ajiye, ya zauna a ƙasa.

Sallau ya ce, “Ka gani.”

“Na gani, Yaya.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Ranar nan wanka ake yi, ba shari'a ba.”

“Yau fa?”

“Ba bakina ya kamata ta fito ba.”

“Kai ba ka jin haushi ne? Wane irin mutum ne kai?”

Mati ya ce, “Na ji, Yaya. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Amma ni fanfo aka karɓe min, zai dawo. Gwoggo hannunta ne. Ita za ka je wa.”

Zan gaya muku gaskiya, ko a wannan lokacin sai da Sallau ya ji tsohon zafin nan ya motsa. Ya ce a ransa, ko a nan ma ya fi ni. Amma wannan karon ya gane muryar hassada ce, ya san inda ta kai shi, bai bi ta ba.

Da aka sallame shi, ɗakin Gwoggo Delu ya fara zuwa. Ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ta ce, “Sallau, ni da na goya ka kana min fitsari a baya?” Ta ɗaga hannun nan mai rawa ta sa masa a ka. “Na yafe. Amma ka duba hannun nan da kyau, shi bai daina rawa ba.” Daga nan ya wuce gaban Dagaci, ya maimaita a gaban jama'a. Aka mayar wa Mati fanfonsa, aka karɓe na Sallau. Damina guda ya yi yana ɗebo wa Mati ruwan feshi, kuma cin Gwoggo da shanta suka koma wuyansa har ta bar duniya.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Maganin nan da kuke goyawa a baya guba ne, an yi shi don ya kashe, bai san tsutsa ba, bai san gwoggonka ba. Wanda ya rufe jikinsa ba matsoraci ba ne, jikin amana ne. Wanda ya hana matarsa galan ba marowaci ba ne. Wanda ya fesa yau ya kai kasuwa gobe, ya sani akwai wata Delu da za ta ci, ko bai san fuskarta ba, kuma za a tambaye shi. In ba ka iya karanta gwangwani ba, taka ka je a karanta maka, babu kunya a ciki.

Sannan kowa ya duba aljihunsa. Wane ne in an yabe shi a gabanka kake jin abinci ya tsaya maka? Me ya yi maka? In ka bincika, sau da yawa ba abin da ya yi sai alherin da kai ma aka miƙo maka rabinsa ka ƙi karɓa. Hassada ba ta cewa ka je ka kashe. Cewa take, cire ƙyallen kawai, a yi dariya. Dalilin da ya sa zuciya take jin wannan murya, na ce muku ban sani ba. Abin da na sani, ƙofar tuba tana buɗe muddin kana numfashi.

Da damina ta zagayo aka mayar wa Sallau fanfonsa. Ranar da zai fara fita, da sassafe, ya yi sallama a ƙofar Mati, riga mai dogon hannu a jikinsa, wankakkiya. Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi awaki, ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce, “Mati, rabin zanen nan. Ko an yi tsumma da shi?”

Daga cikin gida matar Mati ta ce, “Yana nan, Yaya. Malam ya hana a taɓa.”

Ta miƙo shi a naɗe yadda aka mayar da shi. Sallau ya karɓa da hannu biyu. Da ya gama fesa gonar farko, ya karyo sanda, ya kafa ta a bakin hanya, ya yagi ƙyalle ya ɗaura. Ya ja ya ji ya ɗauru, ya ƙara ƙulli ɗaya.